Sun Karɓe Mini Taru

Badagiri, 9 ga Agusta, 1962

Zuwa ga Yaya Ja'afaru, Gubuchi.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi? Ya damina?

Ni lafiya lau, sai dai ba zan zo girbi ba. Dattawan masunta na nan sun kafa sanduna da ganyen kwakwa a bakin teku, sun hana kamun kifi wata uku. Ni ɗan gona, na ɗauka iyakar wani ce kawai, na zuba taruna a ciki. Suka karɓe shi, sai an buɗe ruwan. Kada ka gaya wa Inna. Ina cin abinci, ko da sau ɗaya ne a rana.

Wallahi na yi fushi. Sai wani tsoho ya tsaga cikin kifin da na kama, ya nuna mini ƙwai fal. Nan take na tuna shekarar yunwa, ranar da Inna ta buge hannuna don na taɓa dawar iri.

Allah ya ba ku amfani mai albarka. Idan kun ware irin bana, Yaya, ku ajiye mini zangarniya ɗaya. Da hannuna nake so in shuka ta.

Ƙaninka,
Tukur