Kumfa a Rafin Latas

Yaya Tinga,

Ina gaisuwa daga Kumasi. Ya jikin Inna, ya yara? Ni lafiya lau, latas ɗina ne dai ya lalace.

Wani Boakye ya buɗe wurin wankin mota a saman rafinmu, kumfarsa muke ban ruwa da ita. Ganye duk ya yi rawaya, ya yi laushi kamar dafaffe. Malamar gona ta ce sabulun ne ke narkar da koren ganyen.

Na same Boakye da maganar, sai ya yi dariya: "Ɗan Mosi, ai kyauta nake wanke maka latas!" Wallahi Yaya, da fartanya a hannuna, Allah ne ya riƙe ni.

Da asarar nan, bana ba zan zo gida ba. Ka ce wa Inna aiki ne ya yi yawa. Allah ya ƙara mata lafiya.

Ƙaninka,
Noaga