Sukarin Ƙarƙashin Gado

Zuwa ga Ustaza Asabe, a Damazin.

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da ɗalibanki na aikin jinya.

Kin ce in rubuta abin da na sani game da ɗalibarki Malak, ki karanta wa 'yan'uwanta Kiristoci a taronsu na Lahadi. Ba zan manta ranar da ta shigo ƙauyenmu ba. Tsakiyar damina ce, kwalara ta kwantar da rabin unguwa, mijina Abdussalami na kwance idanunsa sun faɗa. Sai ga yarinya da gicciye a wuya, takalmanta a hannu saboda taɓo. Ta dubi littafin soyayyar da ke gefen gado, ta ce, "Amarya, jarumin littafi ba ya mutuwa, naki ne zai mutu. Kawo cokali." Ta koya mini haɗin: tafasasshen ruwa lita ɗaya, sukari ƙaramin cokali shida, gishiri rabi. Kwana uku ya tashi zaune.

Da ciwon ya kama ta, a kan cinyata ta cika, tana murmushi, rana na faɗuwa bayan kogi.

Ki huta lafiya.
Hafsa.

*

'Yata Hafsa,

Barka da aiki. Ya jikin maigidan?

Na karanta musu, ina fassarawa da Larabci. Shekara biyu ina yi wa yaran nan wa'azi su fita su taimaki mutane, suna duba wayoyinsu. Wasiƙarki ta sa goma sha ɗaya sun rubuta sunansu, za su tafi tantin kwalara na Abu Na'ama. Mahaifiyar Malak ma ta zo, ta sa na fassara mata da Larabci sau biyu. Tana so ta san kalmar ƙarshe da 'yarta ta faɗa miki.

Abu ɗaya kawai. Shekarata ashirin ina jinya, ban taɓa ganin mai kwalara ya mutu yana murmushi ba.

Ubangiji ya kiyaye ki.
Asabe.

*

Ustaza,

Ina gaishe ki, amma da kunya.

Faɗuwar ranar nan daga littafi na ɗauko ta. Ga yadda aka yi. Da hantsi Malak ta zo ƙofarmu tana dafe da zana. Ta ce, "Hafsa, nawa ya ƙare. Akwai sauran sukari?" A lokacin kasuwa ta mutu, sukari babu shi ko a kanti. Ni kuwa ina da kusan rabin kilo a gwangwanin madara ƙarƙashin gado, na ɓoye don kada ciwon ya dawo wa Abdussalami. Na ce babu. Ban ma buɗe ƙofa ba, ta saman zana na miƙa mata ruwa.

Ta sha, ta ce, "Ba komai. Ki tafasa kofin nan kafin wani ya taɓa." Kalmarta ta ƙarshe gare ni ke nan. Washegari ta cika a ajin makarantar firamare inda ake kwantar da marasa lafiya, ba na wurin.

Ciwon bai dawo masa ba. Sukarin na nan, na kasa zuba shi a shayi. Ki karanta musu wannan, ko da duka za su soke sunansu.

Hafsa.

*

Hafsa,

Na gaishe ki. Na karanta. Huɗu sun soke, wata ta ce ba za ta mutu don mutanen da ke rufe ƙofa ba. Ban hana ta ba. Bakwai sun tsaya, kuma yanzu sun san inda za su.

Mahaifiyar ta ce, "Zancen kofin nan nata ne, na ji muryarta." Kada ki roƙe ni yafiya, ba ni kika hana ba.

Bakwai ɗin ba mai jin Hausa, tsofaffinku kuma ba sa gaya wa baƙo ciwonsu da Larabci. Ranar Asabar za su isa Abu Na'ama.

Ki zauna lafiya.
Asabe.

*

Ustaza,

Barka da yau. Na gaya wa Abdussalami komai. Ya tashi ya je neman aron amalanken da zai kai ni.

Asabar zan tafi Abu Na'ama. Gwangwanin na cikin jakata.

Hafsa.