Fuskar Yaya a Sabuwar Dikoda

Mandawari, Kano

Yaya Abdulhakeem,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, ya Alƙahira, ya aiki?

Yaya, hankalinmu a tashe yake. Ran Juma'a Umma ta shimfiɗa dardumarta gaban talabijin don ta gan ka kana karanta labarai kamar kullum, sai muka tarar tasharku ta ɓace, allon baƙi ƙirin. Yau kwana huɗu. Kiran bidiyo ka daina ɗauka tun bayan Babbar Sallah, a talabijin kaɗai take ganinka. Ta ƙi cin abinci, cewa take wani abu ya same ka ana ɓoye mata. Don Allah ka amsa.

Ƙanwarka,
Bahijja

*

Alƙahira

Bahijja,

Wa alaikumus salam. Lafiyata ƙalau, ki gaishe da Umma. Ba abin da ya faru. Tashar ce ta koma HD, wato hoto mai tsabta, tsohuwar dikodarku ba ta iya kamawa. Kada ku yi gaggawar sauyawa, sababbin da ke kasuwa ba su da ƙarko. Zan riƙa turo mata murya kowace Juma'a.

Ku huta lafiya,
Abdulhakeem

*

Mandawari

Yaya,

Bayan gaisuwa. Ka yafe mini, ban bi maganarka ba. Umma ta ce ita murya ba ta ishe ta ba, na kira Malam Ilu mai gyaran satalayit ya haɗa mana sabuwa.

Jiya muka gan ka, har zaren hularka ana iya ƙirgawa. Yaya, idanunka sun faɗa. Wuyan rigarka ya yi maka yawa. Hodar da suka shafa maka ba ta rufe komai ba, kuma da ka ɗaga takarda na ga filasta a hannunka. Ashe dishi-dishin tsohon hoton ne ya rufe mana ido.

Umma ta tashi ta je dab da allon ta ɗora tafinta a kumatunka. Ta ce, "Bahijja, wannan yaron ba shi da lafiya." Na ce hasken ɗakin labaran ne. Ta ce, "Ni na haife shi." Har aka gama labaran ba ta zauna ba.

Na haɗa ka da Allah, ka faɗa mini gaskiya.

Bahijja

*

Alƙahira

Ƙanwata,

Salam. Ƙoda ce. Wata bakwai ke nan ana yi mini wankinta, sau uku a mako. Likita ya ce sai dashe, kuma ƙodar ɗan'uwa na jini ta fi dacewa. Abin da na kasa furtawa ke nan, don ke kaɗai gare ni.

Zan kira gobe bayan La'asar, da bidiyo. Ki zauna kusa da Umma. Tsoro nake ji, Bahijja.

Yayanki