Ranar da Aka Fasa Shagon Baban Adila

Haɗeja, Juma'a

Zuwa ga Yaya Shu'ibu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan kana lafiya, kai da Ramatu da yara. Yaya damina a Auyo?

Yaya, labari mara daɗi zan ba ka. Jiya aka yi zanga-zangar tsadar abinci. Da safe lafiya ƙalau, jama'a na tafe da kwalaye. Kafin azahar an cinna wa tayoyi wuta, an shiga fasa shaguna. Baban Adila ya fita zai kulle shagonsa na shinkafa, na hana shi, bai ji ba. Da labari ya iso mini, ko takalmi ban tsaya sawa ba.

Na tarar da mijina kwance a bakin ƙofa, an rotsa masa kai da ƙarfe. Mutane na tsallake shi da buhuna a ka. Wani buhu ya fashe, ana ta kwasa, har da wadda jininsa ya jiƙa. Cikin masu ɗiba na ga Auta, ɗan maƙwabciyarmu Hajja, magidanci da 'ya'ya uku. Muka haɗa ido. Sai aka buɗe wuta, kowa ya watse.

Baban Adila yana asibiti, bai farfaɗo ba. Kada ka gaya wa Inna tukuna.

Ƙanwarka,
Mardiyya


Haɗeja, Talata

Yaya Shu'ibu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya. Na san ruwa ya yanke muku hanya, shi ya hana ka samun jana'izar Baban Adila ran Lahadi. Kada ka damu.

Ashe harsashi ya sami Auta a ciki. Ya ja jiki har gida, buhun shinkafarmu na kafaɗarsa, a zaure ya cika. Yanzu zaman makoki biyu ake yi, katanga ce kawai tsakaninmu, muna jin kukan juna.

Ɗazu Hajja ta shigo tana jan buhun nan a ƙasa. Ta durƙusa a gabana, tsohuwa sa'ar Inna, ta rantse ɗanta bai daki kowa ba. Ban ga wanda ya ɗaga ƙarfen ba, Yaya, na dai ga wanda ya tsallake.

Da ta fita na ji jikokinta na kukan yunwa. Na dafa shinkafar, na sa aka miƙa musu ta kan katanga. Ni ban iya kai ko loma ɗaya bakina ba. Ban yafe ba tukuna. Ka roƙa mini Allah.

Ka gai da Inna. Idan ruwa ya janye, ka zo da ita.

Ƙanwarka,
Mardiyya