Inna, Na Ce Yana Kawowa

Assalamu alaikum Inna. Bayan gaisuwa ta ladabi, ina roƙon Allah Ya kai haske kabarinki.

Tun kafin azumi aka rufe wurin gyaran zoɓon da nake aiki a Maigatari. Na dawo Gumel, ɗakin nan da kika bari, ni da yaran biyu.

Sai ga masu rajistar tallafin marasa aiki a ƙofar mai unguwa. Na bi layi tun hantsi. Da aka zo kaina, ma'aikaciyar ta tambaye ni ko uban yara yana ba da kuɗin ciyarwar da alƙali ya yanka masa bayan rabuwarmu. Inna, yayansa na zaune a tabarma ɗaya da mai unguwa, maƙwabta duk sun kasa kunne. Muryarki kawai na ji: “Kome ya yi miki, kada ki kunyata uban ’ya’yanki a bainar jama’a.” Na sunkuyar da kai na ce yana kawowa.

Ina fa ya kawo! Sau biyu ya taɓa aikowa. Yana can yana jigilar dabbobi daga Damagaram, ko wayata ba ya ɗauka.

Sunaye suka fito, babu nawa. Wai wadda ake ba ciyarwa tana da abin shigowa. Na je ofishinsu, suka ce in kawo takardar kotu cewa ba ya biya, kafin Alhamis. Shi kuwa uban yaran ya turo yayan nasa da saƙo: ranar da na sake kai shi gaban alƙali, ranar zai kwashe ’ya’yansa, tunda sun yi wayo.

Kin ga inda na maƙale. In na yi shiru, geron da ya rage ba zai kai mu ƙarshen wata ba. In na buɗe baki, a ɗauke min takwararki, wadda har yanzu sai ta riƙe bakin zanena take barci.

Wallahi na ji haushinki, Inna. Ke da kika koya min rufin asiri, Baba bai taɓa barin tukunyarki a kife ba. Ki yafe min, ba ni da wanda zan faɗa wa sai ke.

Allah Ya jiƙan ki, Ya gafarta miki, Ya nuna min hanyar da ba za ta raba ni da ’ya’yana ba.

Gobe ce Alhamis. Sau biyu yau na sa hijabi zan tafi kotun, na cire.

’Yarki,
Hansatu