Na yi wa jikar mai gyaran agogo ƙazafi a gaban aji

Hajiya, ina yi miki sallama. Don Allah ki taimake ni da shawara, domin abin da ke cina na rasa wanda zan faɗa wa ya fahimce ni. Ki yi haƙuri da tsawon wasiƙar, mu malamai ba mu iya gajarta magana ba.

Shekarata ashirin da shida ina koyar da tarihi a makarantar sakandare. Yara suna kirana Ƙarni na Sha Tara a bayan idona, na sani, kuma ban taɓa jin haushi ba, don har yau da jan biro nake duba aiki, wayata ma 'yata ce ta saita min komai a cikinta. A farkon zangon nan shugabar makarantarmu ta tara mu a ɗakin malamai ta ce tsari ya sauya. Daga yanzu kowane malami, ko lissafi yake koyarwa ko kimiyya ko tarihi, sai ya ware darasi ya koya wa yara yadda za su yi mu'amala da ƙirƙirarriyar basira, wato manhajojin nan da ake yi wa tambaya su rubuto amsa kamar mutum. Aka yi mana bita ta kwana biyu. Rabin ranar farko ya tafi wajen neman wayar da za ta haɗa kwamfuta da majigi. Na fito da takardar shaida, amma ban fito da abin da zan faɗa wa yara arba'in da shida ba.

Malamin lissafi bai sha wahala ba, ya sa manhajar ta yi lissafi a gaban aji, yara suka kamo mata kuskure suna ta murna. Ni kuwa sai kame-kame. A lokacin na riga na ba ajina aiki: kowa ya zauna da wani dattijo a gidansu ya tambaye shi yadda sana'arsa ta canza, ya buga a ɗakin kwamfuta ya turo. Da aikin ya zo, kusan talatin kamar uwa ɗaya ta haife su, sumul, babu sunan kowa a ciki, babu ko tarin tsoho. Raina ya ɓaci. Malamin kwamfuta ya nuna min wani shafin intanet da ake zuba rubutu a ciki ya faɗi ko mutum ne ya rubuta ko na'ura. Na ce shi ke nan, na samu darasina.

Akwai wata yarinya 'yar shekara sha biyar da take zama a kujerar ƙarshe kusa da taga, ba ta magana sai an tambaye ta. Ta yi rubutu a kan kakanta na wajen uba, mai gyaran agogo. Ta faɗi yadda yake maƙala gilashi a ido ɗaya, yadda yake ajiye ƙananan kusoshi a murfin kwalba, da yadda mutane suka daina zuwa da waya ta shigo, amma bai fasa buɗe rumfa kullum da safe ba yana saita agogunan da masu su ba su dawo karɓa ba. Wallahi sai da na cire tabarau na share ido. Sannan na zuba shi a shafin, ya ce kashi casa'in da huɗu na'ura ce ta rubuta. Hajiya, ji na yi kamar an yi wasa da hankalina, wai ni na'ura ta sa kuka.

Washegari na haska rubutun a allo. Na rufe suna, amma wa bai san jikar mai agogo ba? Na bi shi layi-layi ina ja da alli, ina cewa su duba, yarinya 'yar sha biyar ba za ta iya wannan jimla ba, wannan kalma ta fi ƙarfinta. Na ce su lura yadda na'ura ke ƙirƙiro tausayi alhali ba ta da zuciya. Aji ya kwashe da dariya, wasu suna waiwayenta. Ita ko kai ba ta ɗaga ba. Na ba ta sifili, na rubuta wa iyayenta takarda kamar yadda doka ta ce, haka ma iyayen sauran yaran da shafin ya kama. Shugaba ta yaba darasin, har ta ce sauran malamai su yi koyi da ni.

Bayan mako guda mahaifiyarta ta zo ɗakin malamai da leda a hannu. Ta gaishe ni cikin ladabi, ta zauna, ta fito da littafin rubutu. Sau uku yarinyar ta rubuta aikin da hannunta, ta soke, ta gyara, jimlolin da na ja wa layi suna nan da gogen roba a gefensu. Sai ta kunna min waya na ji muryar tsoho yana ba da labarin yana tari, yarinyar tana tambayarsa tana dariya. Matar ta ce ya rasu kwana tara bayan wannan hirar. Ta ce ranar da takardata ta isa gida, uban yarinyar ya ce ta yi ƙarya da sunan mahaifinsa da ko wata bai yi a kabari ba, ya yi kwana huɗu ba ya amsa gaisuwarta. Ba ta ɗaga min murya ba, ta tattara kayanta ta yi min godiya ta tafi. Da ma zagina ta yi da na fi samun sauƙi.

Ranar na koma gida na ɗauko wani rubutu da na yi tun ina kwaleji, na buga shi na zuba a shafin. Ya ce kashi tamanin da takwas na'ura ce. Daga baya kuma na ji cewa wasu daga cikin waɗanda shafin ya wanke na ba su maki, da manhaja suka yi, suka watsa kurakurai a ciki da gangan, suna ta alfahari da dabararsu.

Na je wurin shugaba na ce ina so in wanke yarinyar a gaban aji. Ta ce in gyara maki a shiru in bar maganar, domin idan ta fita duk iyayen da aka aika wa takarda za su cika ofishinta, ga masu duba makarantu na tafe su ga sabon tsarin. Na gyara makin. Na tsayar da yarinyar a baranda na ce ta yi haƙuri an samu kuskure, ta ce ba komai. Kin ji, "an samu" na ce, ko "na yi" ban iya faɗa ba.

Tun daga nan aikinta layi biyu ne, uku, cike da kurakuran da na san ta fi ƙarfinsu. Shekaranjiya na tambaye ta dalili. Ta dubi ƙasa ta ce, "Malama, haka ba wanda zai ce ba ni na yi ba."

Yanzu ko ƙofar ajin ba na son hangowa. Na daina yarda da idona, duk rubutu mai kyau zarginsa nake, duk mara kyau ma haka. Maigida ya ce saura shekara huɗu in yi ritaya, in lallaɓa in ƙarasa, yara suna mantuwa. 'Yata ta ce laifin waɗanda suka ɗora mana abin da ba su koya mana ba ne. Ni dai gani nake zamanina ya wuce, kuma kafin in gane ya wuce na karya yarinyar da ta fi kowa. Na rubuta takardar ajiye aiki tana cikin jakata kwana goma sha ɗaya. In miƙa ta? In kuma na zauna, da wane ido zan koya wa yara kada su yarda da na'ura ido rufe?

Taki,
Malamar da ta rasa ta cewa

AMSA

Malama, na amsa sallamarki, kuma Allah ya ji ƙan wannan dattijo.

Ba zan ce miki ba komai ba, domin akwai komai. Kin yi kuskure, kuma ba wajen amfani da shafin ne kuskuren ya fi girma ba. Ya fi girma a inda kika yanke hukunci ba ki kira yarinyar kin tambaye ta ba, sannan kika yi shi a bainar jama'a. Minti biyar na tambayar yadda kakan nata yake zama a rumfa da sun ishe ki. Amma 'yarki ma tana da gaskiya. An ba ku aiki mai nauyi da bitar kwana biyu, aka nuna miki kayan aiki ba a faɗa miki yana ƙarya ba. Ki ɗauki rabonki na laifin, ki bar musu nasu.

Takardar ajiye aiki ki fitar da ita daga jaka ki sa a durowa. In kin tafi yanzu, ke za ki huta, yarinyar kuwa za ta ƙarasa makaranta a matsayin wadda ta yi satar amsa, domin ke kaɗai ce za ki iya cire mata wannan suna.

Ki fara da gidansu. Ki nemi izini ki je da rana, ki nemi ganin uban musamman, ki faɗa masa da bakinki cewa 'yarsa ba ta yi wa mahaifinsa ƙarya ba, ke ce kika yi mata ƙazafi. Ki tafi da rubutacciyar takarda mai sa hannunki wadda ta janye ta farko. Sannan ki keɓe da yarinyar ki ce mata "na yi kuskure", da wannan lafazin. Ki tambaye ta ko tana so a gyara maganar a gaban aji, kuma ta wace hanya. In ta ce kada a sake karanta rubutunta, kada ki karanta. Kada ki matsa mata sai ta ce ta yafe, kada kuma ki yi mata kuka har ta koma ita ke lallashinki.

Shugabarku ba muguwa ba ce, tsoron hayaniya take ji, kuma kujerarta ba taki ba ce. Amma shirun da take so ba zai ɗore ba, uwar yarinyar tana da littafi da murya a hannu. Ki koma mata cikin girmamawa ki nuna mata abin da shafin ya ce a kan rubutunki na kwaleji. Ki roƙe ta a daina hukunta kowane yaro da shi, a sake duba duk wanda aka aika wa iyayensa takarda. Ki sanar da ita cewa za ki gyara kuskurenki a ajinki. Gara ta ji daga gare ki kafin ta ji daga bakin iyaye.

Batun wai zamaninki ya wuce, ban yarda ba. Shekara ashirin da shida kina koya wa yara su tambayi wa ya faɗi magana, ina ya samo ta, mece ce hujjarsa. Abin da ake so a koya musu game da waɗannan manhajoji ke nan, ke ce dai kika manta da shi rana ɗaya da kika ga lamba a kan allo. Ki faɗa wa ajin haka ƙarara. Daga nan ki riƙa karɓar aiki tare da rubutun farko na hannu, ki sa a yi wani ɓangare a cikin aji, ki riƙa tambayar kowa a kan abin da ya kawo. Mai amfani da manhaja ya faɗa, ya nuna inda ya bincika amsarta.

Ba zan yi miki alkawarin yarinyar za ta dawo yadda take ba. Wataƙila a zangon nan, wataƙila sai a hannun wani malamin, wataƙila kuma ba za ta sake ba ki irin wancan rubutun ba har ta gama. Wannan sai ki jure shi. Naki shi ne ki wanke ta, ki ci gaba da karanta layi biyunta da muhimmanci kamar shafi biyu ne.

Ki je gidan nan cikin makon nan, Malama, kada ki bari ya kai na gaba. Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya sanyaya wa yarinyar da iyayenta, ya sa ki gama aikinki lafiya.