Wane Aiki Za a Yi Maka, Baba?

Yaya,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya Anti da yara? Tunda waya ba ta shiga can wurin fasa dutsenku, direban kamfaninku zai kawo maka wannan.

An kwantar da Baba a asibitin zuciyar da ka zaɓa. Ranar Talata za su buɗe ƙirjinsa su gyara hanyar jinin da ta toshe. Na ga takardun shaidar nan da ka cika mana kunne da su, ta ingancin aiki, ta tsaftar muhalli, da ta kiyaye haɗari. Suna rataye cikin gilashi a bayan mai karɓar baƙi, kullum sai an goge su. Wuri kam tas. Kwandon shara ma kala-kala ne, jiya na jefa ɓawon lemo a ja, mai shara ta harare ni kamar na kashe mutum.

Amma ni hankalina bai kwanta ba. Mutanen nan ba sa riƙe komai a ka. Duk nas ɗin da ta shigo, ko allura ce ko ƙwaya, sai ta duba robar da suka ɗaura masa a hannu ta ce, "Baba, ya sunanka? Wane aiki za a yi maka?" Wadda ta tambaya da safe ita za ta sake tambaya da azahar. Likitan da zai yi aikin ma, da furfurarsa, sai da ya tambaya! Da ya fita Baba ya ce mini, "Auta, in mai wuƙa bai san inda zai yanka ba, ni zan gaya masa?"

Ka huta lafiya.
Auta

*

Auta,

Wa'alaikumus salam. Na samu takardarki, kowa lafiya, yara suna gaida kakansu.

Ke dai ba kya rabo da zargi. Tambayar nan ƙa'ida ce, tana cikin sharuɗɗan samun takardun da kike wa ba'a. Mu ma nan ba a tada nakiya sai an kira sunan kowa, ko da muna kallon juna. Ki daina zuga Baba, kin san halin tsofaffin malaman makaranta, kowa ɗalibinsu ne. An hana ni hutu sai ƙarshen wata. Ki rubuto da zarar an fito da shi.

Allah ya ba shi lafiya.
Yayanki

*

Yaya,

Sallama a gurguje. Ba a yi aikin ba.

Na raka shi har jan layin da ba a tsallakewa, suka tura gadon ciki. Ko zama ban gama yi ba sai ga shi an turo shi waje, ƙirji lafiya lau, ba ko ƙwarzane. Wai an ɗage, sai an duba ƙwaƙwalwarsa. Ƙwaƙwalwar Baba! Mutumin da har yau yake tuna makin da na ci a lissafi a aji uku!

Ga abin da idona ya gani. Da safen nan wata doguwar baƙar mota ta sauke wani mutum, ma'aikata suna ta rawar jiki, aka wuce da shi ciki kai tsaye. Kai ma ka haɗa, gurbin Baba suka ba shi. Baba kuwa ya juya wa kowa baya, bango yake kallo. Ƙafafunsa sun fara kumbura, ba ya iya numfashi a kwance sai a jingine.

Ina ƙa'idar taka yanzu?
Auta

*

Auta,

Bayan gaisuwa. Takardarki ta hana ni cin abinci.

Kafin mu ɗora wa kowa laifi, ki gaya mini tsakani da Allah, ba ki ba shi wani abu ya ci da safen ba? Na san ki da tausayi. In ba haka ba ne, to na yarda akwai wata a ƙasa. Ni ma na sha ganin yadda ake share fili ranar da masu bincike za su zo. Ki nemi shugabar nas-nas, kada ki tashi sai ta faɗi dalili. In ta yi miki kwana-kwana, mu ɗauke shi.

Na gode.
Yayanki

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ko ruwa ban ba shi ba, kuma na ji haushin tambayar, amma bar wannan.

Na shiga ofishin matar nan da faɗa a bakina. Ta bar ni na gama tas, ta miƙo mini kujera. Ta ce a ƙofar ɗakin tiyata sun yi wa Baba tambayar ƙarshe, ya faɗi sunansa daidai, sannan ya ce, "Ƙafata ta hagu za ku gyara." Suka sake tambaya, ya sake cewa ƙafa. Dokarsu kuwa, in amsar mara lafiya ta saɓa, ko wuƙa na hannu sai a ajiye, don wataƙila jini ne ya toshe masa a ka. Mai baƙar motar kuma faɗuwa ya yi a gida, wani ɗakin daban aka kai shi. Kunya kamar in nutse.

Na koma na tsaya a kan Baba na ce, "Baba, ƙafa?" Ya gyara tabarau ya ce, "Gwada su na yi. Sun ci." Wai kamar yadda yake rubuta lissafin ƙarya a allo don ya kama masu gyangyaɗi. Wallahi da ba ubana ba ne!

Hoton ƙwaƙwalwa ya fito lafiya. Sun sa Alhamis, kuma likita ya ce zuciyar ba za ta jira karo na uku ba. Amma Yaya, ban yarda da zancen gwajin nan ba. Sai yanzu na lura, tun da aka kwantar da shi bai taɓa faɗin aikin da bakinsa ba, da haɓa yake nuna ni in amsa. A ƙofar can kuwa babu ni. In ya sake, shi ke nan.

Ka yi mana addu'a.
Auta

*

Yaya,

Sallama. A kan benci nake rubutu, direba na jira.

Na roƙe su, sun bar ni na tsallake jan layin yau. Nas ta yi tambayarta. Baba ya dube ta ya ce, "Ƙirjina za ku buɗe." Ya damƙe hannuna ya ƙara ce mata, "Kuma tsoro nake ji, 'yata." Nas ɗin ta ce, "Mun sani, Baba. Muna tare da kai."

Tun da aka haife ni ban taɓa jin wannan kalma a bakinsa ba. Sun rufe ƙofa. Ka bar musu dutsensu ka taho, Yaya, ni ma tsoron nake ji.

Auta